Inda Ruwa Ya Rabu a Wandon Liman

Shekara talatin da ɗaya Trofim ya yi yana jan taru a ƙasan garin Tulcea, inda kogin Danube yake watsewa cikin kacalla kafin ya faɗa teku. Da kafaɗarsa ta dama ta fara yi masa gardama, sai ya rataye tarun, ya shafa wa kwale-kwalensa shuɗin fenti, ya kafa masa benci biyu da 'yar rumfa, ya koma ɗaukar baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye. Aikin ba shi da wuya. Ka kashe inji a inda ya kamata, ka nuna kwasakwasa da yatsa, da rana ta take ka tsaya a tudu ka zuba musu romon kifin da matarka ta dafa.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa, shi ne baki. Trofim mutum ne da ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Duk ƙauyen an san in ya tare ka a ƙofar coci da sunan gaisuwa, gara ka nemi wurin zama. Ga shi yanzu yana yini da mutum shida ko bakwai a jirgi ɗaya, Turancinsa duka bai wuce kalma ashirin ba, rabinsu kuma sunayen abinci ne.

Abin ya kai masa wuya ne a ƙarshen bazara, a wani wuri da mutanen ƙauyen suke kira Wandon Liman, saboda a nan hanyar ruwan take rabuwa biyu daidai wa daida kamar ƙafafun wando. Wata baƙuwa ta buɗe taswira a cinyarta, ta nuna masa hagu, ta nuna dama, ta ɗaga kafaɗa. Ya gane tambayarta sarai: yaya yake sanin hanya? Yana kuwa da amsar da za ta kai su gida. Mashigin dama yana da zurfi amma yana cika da bado in zafi ya yi. Na hagu yana sake rabuwa uku a gaba, ɗaya daga ciki ma mahaifinsa ne ya share shi da lauje shekarar da aka yi babbar ambaliya. Duk wannan yana cikin ƙirjinsa. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne kalmar ruwa da kalmar biyu. Matar ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai koyon tafiya, ta naɗe taswirarta.

Da ya ba matarsa Varvara labari yana huci, ba ta ko ɗago daga kifin da take fere wa ƙaya ba. Ta ce ita a ganinta rahama ce Allah ya yi wa baƙin. Amma in abin ya dame shi haka, ai yana da malama a cikin jininsa, gida huɗu tsakaninsu.

Trofim ya yi kamar bai ji ba. Malamar da ake nufi yayarsa ce, Agapia, wadda ta girme shi da shekara bakwai kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da Turanci a makarantar ƙauyen kafin ta yi ritaya. Rabin mutanen da suke tuƙa jirgi a yankin ta taɓa ja musu kunne. Shi kaɗai ne ta kasa koya wa komai, don tun yana ɗan shekara goma sha uku ya bar makaranta ya gudu ruwa.

Da ruwa ya fara daskarewa, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ga shi a ƙofarta da kyafaffen kifi a takarda. Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi kifin.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya. Karatu na zo."

"Kai?" Ta buɗe ƙofar sosai. "Goge ƙafarka. Ka yi lattin shekara arba'in da biyar."

Ta so ta faro masa daga gaisuwa da ranakun mako, ya ce shi bai zo gaisuwa ba. Abu ɗaya yake so: yadda zai ce ruwa ya rabu biyu, sannan kowanne ya sake rabuwa. Sauran zai cike da hannu. Agapia ta ja tsaki, ta sauko da wani ƙamus mai baƙin bango wanda ya fi bulo nauyi, ta ce kalmar da yake nema ita ce branch. Ya maimaita sau uku, ya tambayi asalin ma'anarta. Ta ce reshe, na itace. Ya ce shi kogi ya tambaya. Ta ce da ita ake faɗin na kogin, da ita ake faɗin reshen banki, da na layin dogo, har da zuriyar da ta bar gidan kaka ta kafa nata.

Trofim ya jingina da kujera, ya ce ashe mutanen nan abin tausayi ne. Duk jiragen da suke da su, kalma ɗaya suke karɓa-karɓa da ita kamar gidan da ke da tukunya ɗaya. Shi a nan yana da suna dabam ga mashigin da jirgi ke wucewa, da wanda sai an sauka an tura, da wanda kifi kawai ya sani.

Nan ya taɓa ta inda ba ta so. Ana iya zagin shinkafarta, ana iya zagin katangarta, amma ban da harshen da ta ba rayuwarta. Ta lashi yatsa ta yi ta juya shafi har ta tsaya. Ta ce in rabuwa biyu yake nufi, biyu cur ba uku ba, masu ilimi bifurcate suke cewa. In kuwa abin ya yi ta rassa ne, reshe na haifar reshe har ido ya kasa bi, wannan ramify ne. Dukansu daga harshen Latin suke, kamar rabin maganar da shi kansa yake yi bai sani ba. Ta rubuta masa su a bayan takardar kifin da manyan baƙaƙe, ta ce ya je ya ga ko tukunya ɗaya ce.

Haka ya kwashe hunturun nan yana fama. Ta biyun ba ta ba shi wahala ba, ta farkon ce take maƙale masa a tsakiya. Yana faskare yana faɗinta, yana ba kaji dawa yana faɗinta. Ranar farko da Varvara ta ji shi daga madafa, da gudu ta fito da ɓawon burodi, ta ɗauka ƙaya ce ta tsaya masa a wuya. Maƙwabcinsu kuma ya daina yi masa magana kwana biyu, don ya ji kalmar ta kan katanga daidai lokacin da akuyarsa ta shiga lambun Trofim, ya tabbata da shi ake. Duk Talata da Jumma'a bayan abincin rana yana gaban Agapia. Tana gyara masa harshe da bakin fensir a kan tebur, yana ce mata in haka ta yi wa mijinta marigayi ba mamaki da ya zaɓi aikin jirgin da ke wata shida bai dawo ba. Kafin ƙanƙara ta narke ya haddace jimla bakwai, ya kuma ƙara ƙiba, don ba ta taɓa barinsa ya tafi bai ci wani abu ba.

Baƙinsa na farko a sabuwar shekara wasu samari ne uku daga Ostareliya, jajaye kamar an gasa su. Da suka iso Wandon Liman ya kashe inji, ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya buɗe hannu biyu ya saki jimlarsa da murya irin ta mai wa'azi. Samarin suka dubi juna. Ɗaya ya miƙo masa gorar ruwa. Ya sake faɗa a hankali yana nuna hagu da dama. Sai na tsakiyar ya dubi ruwan, fuskarsa ta washe, ya ce, "Fork." Trofim bai san ta ba. Saurayin ya laluba cikin kwandon abinci ya zaro cokali mai yatsu, ya ɗaga shi saitin ruwan, ya sake faɗa.

Ko gida bai biya ba da ya dawo. Ya tarar da Agapia tana dashen tumatir, ya tsaya a kanta da cokalin a hannu kamar wanda ya kamo ɓarawo. Ya ce wata uku ta sa shi yana shaƙe kansa, ashe masu harshen da abin cin taliya suke kiran wurin. Turancinta ya mutu tun zamanin kakanni, ba a dai gaya mata ba ne. Ta ce ba ta ɗauki 'yan Ostareliya a bakin komai ba, mutanen da suke hunturu lokacin da duniya take bazara. Ya ce to ya ji. Amma ta gaya masa, ɗan Ingila nawa ta taɓa ji ya faɗi kalmar nan da bakinsa?

Ya yi tambayar ne don ta rama, yadda suka saba. Sai ta ci gaba da danna ƙasa a gindin tumatir ɗin da ta riga ta danna. Can ta ce rana ta yi, ya tafi gida matarsa na jira.

Varvara ce ta warware masa, tana yi tana nuna shi da ludayi. Ta ce shekara hamsin da takwas yana kallon yayarsa bai taɓa lura ba? Lokacin da Agapia ta yi karatu ba a barin kowa ya fita daga ƙasar, ba a barin kowa ya shigo. A littafi ta koya, da wani faifan Turanci guda ɗaya da malaminsu yake sa musu. Da aka buɗe ƙasa baƙi suka fara zuwa, ta riga ta zama Malama wadda duk ƙauye ke kawo wa takardar magani ta fassara. Tun daga lokacin, in jirgin baƙi ya tsaya a gaɓa, ita tana bayan gida wajen kaji. Ba ta taɓa yin magana da ko mutum ɗaya daga Ingila ba. Tsoro take kada ta buɗe baki su kasa ganewa, a gaban yaran da ta koyar.

Trofim ya zauna da cokalin a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Ba mutum ne mai iya ba da haƙuri ba, ita ma ba mai iya karɓa ba ce. Don haka ya jira. Bayan mako biyu masaukin baƙi da ke turo masa mutane ya aiko cewa akwai wasu tsofaffi biyu daga Ingila, mata da miji, su kaɗai. Ya je ya sami Agapia da fuskar tausayi, ya ce hannun Varvara ya kumbura, ba mai zuba wa baƙi abinci, shi kuma ba zai iya riƙe jirgi da ludayi lokaci ɗaya ba. Ba sai ta ce komai ba, zuba romo kawai. Ta ce ta ga Varvara da safe tana shanya barguna da hannu biyu. Ya ce bayan nan ne ya kumbura. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambayi ƙarfe nawa.

Ta zo gaɓa da rigar da take zuwa coci ranar Ista, da takalmi mai tsini, da jaka a hammata. Ya buɗe baki zai yi magana a kan takalmin, ya tuna, ya rufe. Baƙin suna jira. Mijin, Dakta Lionel, dogo ne siriri mai na'urar ji a kunne. Matarsa Maud gajeruwa ce mai hular kaba da madubin hangen nesa a wuya. Suka gaishe da Agapia, ta sunkuyar da kai kamar amarya, ta wuce can ƙarshen benci ta rungume tukunyar romo.

Awa biyu suna tafiya tana maƙale a ƙarshen bencin. Maud ta nuna mata zalɓe ta yi wata magana, Agapia ta gyaɗa kai. Trofim yana kallon bayan wuyanta ya yi ja. Ya ga leɓenta yana motsi, tana shirya jimla tana rushewa. Matar da in ta yi gyaran murya aji arba'in ke ɗauke numfashi, ga ta nan ta ƙanƙance a bayan tukunya. Ya fara tunanin ko ya yi wauta da ya kawo ta.

Da suka iso Wandon Liman ya yi niyyar ya faɗi kalmar cokalin ya wuce. Har ya kashe inji da wannan niyyar. Sai ya dubi yayarsa, ya miƙe, ya gyara hula, ya buɗe hannu biyu, ya saki tsohuwar jimlarsa da duk ƙarfinsa, kalmar ta fito cif ba ta maƙale ba.

Likitan ya taɓa na'urar kunnensa, ya roƙe shi ya sake. Ya sake. Tsohon ya bugi gwiwarsa ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi cikin jirgi. Trofim ya zaci ba'a ce, amma dariyar ta murna ce. Likitan ya miƙe da ƙyar ya kama hannunsa yana girgizawa, yana ta zuba magana, yana jan yatsa daga maƙogwaronsa zuwa ƙirji, a nan ya raba yatsu biyu. Ko ɗaya Trofim bai gane ba, sai tambayar ƙarshe da tsohon ya maimaita sau biyu. Ya juya wajen Agapia.

"Yaya, me yake cewa?"

Ba ta dube shi ba. A hankali ta ce, "Likitan ƙirji ne. Ya ce shekara arba'in yana rubuta kalmar nan a kan maƙogwaro, inda yake rabuwa biyu ya shiga huhu. Bai taɓa jin ta a kan ruwa ba, kuma bai taɓa ganin inda ta dace kamar nan ba." Ta gyara riƙon tukunyar. "Yana tambaya wa ya koya maka."

"To gaya masa mana. Ni hannuna na kan inji."

Injin a kashe yake, kowa ya gani. Agapia ta ajiye tukunyar a ƙasa, ta gyara wuyan rigarta, ta miƙe zaune kamar tana gaban allo. Jimlar farko ta fito doguwa, ba ta da niyyar ƙarewa. Trofim ya ƙura wa fuskokin baƙin ido yana neman alamar nan ta mutanen da ba su gane ba. Bai gan ta ba. Maud ta sauke madubinta, ta dafa ƙirji, ta ce wani abu da ya sa Agapia ta yi ja har kunne. Sai daga baya ya samu Agapia ta fassara masa: wai rabon Maud da jin Turanci mai tsabta haka tun shugabar makarantarsu tana da rai. Agapia ta ce ba ta tabbata yabo ba ne, tunda shugabar ta rasu shekara hamsin da suka wuce, amma ta karɓa.

Daga nan kuma ba a sake samun wurin sa allura ba. Tambayoyin shekara talatin da huɗu ta kwance musu. Ta fara da ta cokalin. Maud ta ce ita kam ita za ta faɗa, kowa ma ita yake faɗa, mijinta ne kawai yake magana kamar takardar asibiti. Likitan ya ce duka biyun daidai ne, ɗaya ta zuwa kasuwa ce, ɗaya ta zuwa biki. A kan ramify kuwa mata da mijin suka kaure da musu. Shi ya ce jijiyoyin jini haka suke yi. Ita ta ce ba ta taɓa jin mai hankali ya faɗe ta ba, sai dai wata kalma 'yar uwarta da lauyoyi suke jawowa in ƙaramar magana ta yi rassa ta zama rigima. Agapia ta zaro fensir daga jaka tana rubutawa a bayan hannunta.

Trofim ya tayar da inji yana tuƙi yana kallonsu. Bai gane kashi ɗaya cikin goma ba, amma duk lokacin da aka yi dariya shi ma yana yi, har ya fi su. Yana cikin haka ne ya ji jirgin ya yi nauyi, farfela ta yi wani gurnani ta tsaya. Ya duba gaba. Bado ne shimfiɗe har inda ido ya kai, kacalla ta rufe hagu da dama, wata saniya tana tsaye cikin ruwa har ciki tana kallonsu tana tuƙa. Ya bi ta dama. Shi da yake bin wurin nan cikin hazo ba fitila, ya shiga ƙafar wandon da ko yaran ƙauye sun san ba a shiga bayan Mayu.

Ya yi gyaran murya, ya ce Agapia ta gaya musu da gangan ya kawo su, don wani tsuntsu da ba a samunsa sai a nan.

Ta juya ta yi musu bayani cikin natsuwa, jimla uku ko huɗu. Maud ta toshe baki da hularta. Likitan ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Me kika ce musu?"

"Abin da ka ce. Na ƙara da cewa haka ka faɗa ranar da ka faɗa rijiyar Kawu Ilarion kana ɗan shekara biyar."

Sai da ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa har ƙugu ya tura jirgin baya, sauro na bikinsa a wuyansa, su ukun suna zaune a inuwa suna shan romo. Agapia ce ta zuba, ta kuma koya wa baƙin yadda ake cin kifin dabam da tafarnuwa, a sha romon daga baya. Ta ajiye masa kan kifin, wanda ya fi so.

La'asar ta yi sanyi kafin su dawo gaɓa. Maud ta rubuta adireshinta ta ba Agapia, suka rungumi juna kamar sun shekara tare. Da baƙin suka hau tudu suka ɓace, Agapia ta zauna a kan katakon gaɓar ta cire takalman nan, ƙafafunta sun kumbura sun yi jawur. Muryarta ta dishe, da ƙyar ake jin ta. Trofim yana ɗaure jirgi yana ɗiga, yana jiran ta ce wani abu game da yinin, ko game da shi.

Ta ce bencinsa na baya yana da ƙusa, ta yage mata riga. In yana so ta sake shiga wannan abin ranar Alhamis, ya nemo matashi, ya kuma aske gemun nan, don ba za ta tsaya kusa da shi tana gaya wa mutane ƙaninta ne ba yana kama da abin da taru ya jawo.

Ya ce ba wanda ya gayyace ta ranar Alhamis. Ta miƙa masa takalman ya riƙe, ta kama hannunsa ta tashi, suka hau tudun a hankali, ita ba takalmi, shi yana tsiyayar ruwa, suna musu a kan ko ƙarfe bakwai za a tashi ko bakwai da rabi.